Ramuka Bakwai na Dutsen Tama

Maryama, ranar da kika zo hutu daga Bungudu kin tsaya bakin murhu ina kwashe tuwo, kika tambaye ni ko da gaske ne kakanku ya yi wa babanku baki, shi ya sa ƙasa ta rufta da shi. Na ce ki wuce ki ɗauko min kwanuka. Kin ɗauka share ki na yi. Ban share ki ba, magana ce da ba ta bakin murhu ba. To ga amsarki a rubuce, ke da ƙaninki Basiru, tunda shi yana ciki aka yi abin, bai taɓa ganin ubansa ba sai a hoton katin zaɓe. Ban tsufa ba balle a ce lokacin rubuta tarihina ya yi, ko talatin ban cika ba. Amma mu uku ne a gidanmu muka san yadda aka yi. Baba ya rasu, Inna ba ta buɗe baki a kan maganar, saura ni. Kuma na gaji da jin ƙarya.

Ba a yi wa babanku baki ba. Ba kuma aljanu ne suka ja shi ba, kamar yadda ake faɗa a kasuwar Tsafe. Mutum biyu ne suka tura shi ramin nan, ɗaya da shirunsa, ɗaya da bakinta. Mai shirun kakanku ne. Mai bakin ni ce.

Ba ku san garinmu ba, don haka sai na fara daga nan. Tungar Maƙera ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Tsafe, in ka bar Bilbis a babur ba ka cika awa guda ba ka isa. Bayan gari akwai wani tudu mai tsawo, kwance kamar saniya tana tuƙa, shi ake kira Dutsen Tama. Bai kai ko gindin dutsen Kwatarkwashi girma ba, amma saboda shi aka kafa garin. A tsakiyar bayansa akwai tsohuwar kuka guda ɗaya. Gabas da kukar ƙasa ja ce. Yamma da ita baƙa ce, tana ƙyalli in rana ta buga. Kakanninmu a nan suke haƙo tama, wato dutsen da ake narkawa ƙarfe ya fito, su gina tukunyar laka mai tsawon mutum, su cika ta da gawayin ƙirya, su yi ta zuga har dutse ya saki abin da ke cikinsa. Baba yana ƙaramin yaro aka yi narkar ƙarshe. Daga nan ƙarfen mota ya yi yawa, kowa ya ga ba dalilin wahala, sai a sayo sifirin na tsohuwar babbar mota a Gusau a yanka, a ƙera garma da fartanya da lauje. Abin da ya rage na wancan zamani shi ne tulin kashin maƙera a bayan gari, wato dattin da narka ke bari, baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa a kansa, da kuma abin da ke cikin kan Baba.

Shi ne Sarkin Maƙeran garin. Bai taɓa narka tama da hannunsa ba, amma ya san ta kamar yadda Inna ta san gero. Iri uku yake raba ta. Akwai marmara, ruwan ƙasa, mara nauyi, ita yake cewa ƙaryar tama, in an narka ta kashi kawai take bayarwa. Akwai ja, wadda in ka tofa wa dutse yawu ka goga ta sai ta bar zane kamar jini. Sai baƙa, mai nauyin tsiya, mai walƙiya kamar kwalli. Yakan ɗauki dutse ya auna a tafin hannu, ya ɗan lasa, ya ce wannan daga wuri kaza ya fito, kuma haka ɗin ne.

Amma akwai abin da ba ya faɗa. A gidanmu al'ada ce, sanin cikin dutsen nan mutum ɗaya ake ba wa a kowane zamani, ɗan da ya gaji maƙera, kuma ranar da aka miƙa masa masaba, babbar gudumar gado, ya zauna gaban uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kansa. Ran nan uba zai sa shi ya dafa ta ya rantse, sannan ya kai shi dutse su biyu. Sauran mutanen gari doka kawai suka sani: ba a noma, ba a haƙa yamma da kuka. Ba a ba da dalili. Da yake ba a ba da dalili ba, kowa ya ƙera nasa. Tsofaffin mata suka ce garin aljanu ne. Samari suka ce dukiya ce gidan Sarkin Maƙera ke ɓoyewa. Ni da na yi makaranta na ce camfi ne, na kuma faɗa da ƙarfi.

Babanku Sanusi, yayana, shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna, shi ya kamata ya karɓi masaba. Bai so ba. Ya ce hayaƙi ya cinye idon kakanmu, yana cin na Baba, ba zai miƙa nasa ba. Ya koma kabu-kabu da babur, yau Tsafe, gobe Kwatarkwashi, wani lokaci har Gusau. Mutum ne mai dariya, Maryama, irin dariyarki ce sak, har da rufe ido ɗaya. In ya shigo gida da yamma sai ya tsaya ƙofar maƙera ya ce,

"Sarki, a ba mu labarin dutse mana, ko rabi."

Baba ba ya ɗago kai. Amsarsa kullum ɗaya ce.

"Ran da kaz zamna nan, ran nan za ka ji."

Da wannan maganar yake son ya jawo shi gida. Yana ganin in ya riƙe sirrin da kyau, wata rana son sani zai zaunar da Sanusi gaban wuta. Shekara shida yana riƙe, Sanusi yana dariya.

Ni kuwa na gama sakandare a Gusau, a gidan Gwaggo Ige ƙanwar Baba, na dawo ƙauye ba kuɗin ci gaba. Na tarar Baba yana zuga da hannu ɗaya yana riƙe awartaki da ɗaya, ƙarfe yana hucewa kafin ya kai shi uwar maƙera. Ban yi shawara da kowa ba na zauna na kama zugazugi. Mata suka yi ta magana, na ce wadda abin ya dama ta turo mijinta ya zo ya zuga. Wata takwas ina wannan aiki, hancina baƙi, farcena baƙi. Na koyi gane ƙarfe ya nuna daga launinsa. Wata rana da muka gama garma goma sha biyu na mutanen 'Yankuzo, na ga ransa fari, na ce,

"Baba, to ni fa? Ni ke zaune a nan. Mene ne a yamma da kuka?"

Ya dube ni ba da faɗa ba, har da ɗan murmushi, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Luba, ke ɗiya mace ta. Gobe wani gida za ki, ki tahi da shi can?"

Na ci gaba da zuga. Na haɗiye. Ku riƙe wannan, domin abin da na yi daga baya ba ilimi ne ya sa ni ba, ko da yake haka na gaya wa kaina. Haushi ne.

Da bazara wani dillalin duwatsu ya zo daga Gusau, Alhaji Mudi, a motar a-kori-kura. A shekarun nan kowa a Zamfara ƙasa yake tonawa. Wasu zinariya, wasu dalma, wasu duwatsun da ko sunansu ba su sani ba, in dai akwai mai saye. Alhaji ya ce shi dutsen ƙarfe yake nema, tuni tifofi suna ɗauka daga wajen Maru, ana tarawa a wani fili kan hanyar Bungudu, daga can manyan motoci su yi kudu da shi. An gaya masa in dai tama ce, a tambayi Sarkin Maƙera. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya cika masa rabin buhu da jar tama ta gabas, ya ce in ta yi, a haƙa nan, fili ne a buɗe, ƙasa ce mai ƙwari. Bayan mako biyu Alhaji ya dawo. Ya ce an gwada, ba laifi, amma masu saye sun fi son baƙa, ko akwai?

"Babu," in ji Baba.

Ranar kasuwa ce, maƙera cike da masu jiran gyaran garma. Ina zaune ina zuga, na ji ƙaryar nan ta fito daga bakin mutumin da ya taɓa dukana saboda na ce ban ga kazar maƙwabta ba alhali na gani. Ni na san akwai. Na sha bin akuyar Inna har yamma da kuka, ina da baƙaƙen duwatsu uku a cikin akwatina. Na kuma tuna malaminmu na labarin ƙasa, ranar da ya rataya taswirar Najeriya ya nuna mana tsaunukan ƙarfe na jihar Kogi, ya nuna wani ɗan ɗigo a jiharmu, ya ce arzikin da ke kwance ƙarƙashinmu ya isa ya ɗaga ƙasar nan in da za a tono shi. Ran nan ya fito da mayen ƙarfe ya manna wa wani baƙin dutse, ya maƙale, aji ya ɗauki tafi.

Na saki zugazugi na shiga gida. Na fasa bayan matacciyar rediyon Baba, na ciro mayen ƙarfen da ke jikin sifika, na ɗauko dutsena ɗaya, na dawo. A gaban kowa na ɗauki jar tamar Baba na manna mata, mayen ya faɗi ƙasa. Na sake, ya sake faɗuwa. Na manna wa baƙar, ya kama ta ƙam, na ɗaga sama ina juyawa, bai saki ba.

"Ga ƙarfe nan," na ce. "Wancan jan ƙasa ce kawai."

Sai wani tsoho mai jiran lauje ya fashe da dariya.

"Kai, Sarkin Maƙera! Yau ɗiyarka ta hi ka sanin ƙarhe. Boko ya ci masaba!"

Kowa ya ɗauka. Alhaji Mudi bai yi dariya ba, ya karɓi dutsen yana juya shi.

"'Yata, ina kika samo wannan?"

Na ga idon Baba a kaina. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Ba idon fushi ba ne, idon roƙo ne, ni kuwa ban taɓa ganin ya roƙe ni ba, sai abin ya yi min daɗi.

"Yamma da kuka," na ce. "Ya cika can, ko haƙa ba sai an yi da yawa ba."

Baba ya sunkuyar da kai ya tona gawayi da awartaki. Abin da ya ce kawai shi ne,

"Wuta ta mutu, Luba. Zamna ki zuga."

Kafin ruwan farko Alhaji ya dawo da takarda da diga da shebur da buhuna. Baba ya je wurin maigari sau biyu ya ce a hana. Maigari ya tambaye shi dalili, ya ce doka ce ta kakanni. Maigari ya ce takardar Alhaji daga sama take, kakanni kuwa ba su da hatimi. Duk da haka samarin gari suka ƙi taɓa wurin, tsoron aljanu bai sake su ba. Alhaji ya gane abin da zai warware masa, a samu ɗan gidan Sarkin Maƙera ya fara sara. A lokacin 'yan bindiga sun tare babanku a hanyar Bilbis sun ƙwace babur, Allah ya sa ba su harbe shi ba. Yana zaune gida wata biyu, ke kina shekara uku, uwarku Asabe tana da cikin Basiru, rumbu ya yi ƙasa. Kada wani ya ce muku kwaɗayi ne ya kai shi.

Da safen da zai fara ya biyo ta maƙera da diga a kafaɗa. Ina wurin, Inna ma tana bakin zaure. Ga abin da aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, tunda a kan wannan safiyar aka gina ƙaryar baki.

"Sanusi, kak ka haƙa can."

"Don mi, Baba?"

"Aje digar ga. Zamna nan ka ɗauki masaba, yau ɗin ga in kai ka in nuna ma."

"Hwaɗa mani ina tsaye. In na ji dalili, wallahi na aje ta."

"Ba haka anka yi mani ba."

Inna ta matso, ita da ba ta shiga maganar maƙera.

"Malam, in akwai abin da kas sani, ka hwaɗi. Ɗanka na."

"Rantsuwa niy yi ga ubana, hannuna bisa ƙarhen ga. Shi zamna kawai, mi a wuya ga zama?"

Babanku ya yi dariyar nan tasa, amma ba ta kai ido ba.

"Shekara shida kana riƙe da goro kana kiran akuya, Baba. Riƙe abinka. Ni ɗiyata za ta ci tuwo."

Ya juya. Baba ya miƙe tsaye, ya buɗe baki, na ɗauka zai faɗa. Sannan ya ce,

"Allah shi tsare ka."

Shi ke nan. Wannan shi ne bakin da aka ce an yi wa ubanku.

Da Sanusi ya sara aljani bai shaƙe shi ba, gari ya kwashe zuwa dutse. Baƙar tama ta yi ta fitowa, tifa tana zuwa duk bayan kwana uku. Aka ga shinkafa a gidajen da ba a saba gani ba. Mata suna tsokanata a rijiya suna cewa ga Luba mai maye, wadda ta buɗe wa gari arziki, ni kuwa ina ɗaga kai. Baba ya sake hali. Kullum da hantsi sai ya bar wuta ya hau dutse, ya tsaya gindin kuka, ya yi ta takawa yana ƙirga sawu zuwa bakin raminsu, yana buga sanda a ƙasa yana saurare. Samari suna ce masa Sarki ya zo duba dukiyarsa. Ni ma na ce baƙin ciki ne. Ashe aunawa yake yi. A ransa ya yanke cewa ran da suka kai wata kanya da ke gangare, ran nan zai karya rantsuwa ya faɗa. Yana ganin da sauran taku ashirin. Bai sa ruwan sama a cikin awonsa ba.

Tsakiyar damina aka yi kwana uku ana marka ba ɗagawa. Rana ta huɗu gari ya waye tas. Inna ta ce wa Sanusi ya bari ƙasa ta sha iska, ya ce tifa na hanya. Da hantsi ina shanya gawayin da ya jiƙe, na ji wani ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Na ji shi a tafin ƙafata fiye da kunnena. Sai ihu.

Da na isa, inda raminsu yake ya zama kwari, faɗinsa ya kai tsakar gidanmu. Mutum uku ne a ciki, babanku, da abokinsa Ilu, da wani magidanci daga 'Yankuzo. Maza sun hau kai da shebur suna tono, duk wanda ya kwashe ƙasa sai wata ta gangaro ta cike. Sai ga Baba da gudu, tsoho mai shekara sittin da wani abu, ba hula, da dogon ƙarfe a hannu. Bai ko kalli kwarin ba.

"Ku sauka! Ku bar haƙa bisa, kuna danne su! Ku biyo ni da igiya!"

Ya gangara can ƙasa, nesa da wurin, gindin wani baure da ƙaya ta rufe. Ya yi ta fizgar ƙayar da hannu, jini yana zuba, ya sa ƙarfe ƙarƙashin wani faffaɗan dutse ya ce a taya shi. Dutsen ya kife. Ga baki nan, baƙi wuluk, iska mai sanyi da warin ruɓaɓɓen ruwa tana fitowa. Ba wanda ya taɓa sanin yana nan. Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kama tocila da haƙori, ya shiga da rarrafe kamar mai shiga ɗakinsa. Na kama igiyar tare da maza, ba wanda ya ce min mace ce.

Kakanninmu sun cinye cikin dutsen nan ta ƙasa. Ɗaruruwan shekaru suna bin baƙar tama, rami yana shiga rami, har yammacin dutsen ya zama kamar gidan gara, ɓawo a sama, fanko a ciki. Samarinmu a kan rufin ɗaki suke haƙa ba su sani ba.

Wajen azahar ya fito da Ilu, ƙugunsa a karye, yana numfashi. Ya koma da mutum biyu suka jawo mutumin 'Yankuzo, ya riga ya cika. Ya sake komawa. Sai bayan la'asar ya fito da baya, yana jan babanku ta hammata. Laka ta cika masa baki da hanci. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kansa a cinya yana share lakar da bakin rigarsa, a hankali, kamar za a kai shi makaranta. Daga baya Ilu ya gaya min har kusan azahar yana jin muryar Sanusi ta bayan ƙasa yana kiran sunanki. Na yi shawarar ko in ɓoye miki wannan. Na ga ɓoyo ya ishe mu a gidan nan.

Mutane suka tsaya zagaye. Suna kallon gawa, suna kallon bakin ramin da ya buɗe. Uwar Ilu ce ta fara haɗa abin. Ta tako har gabansa, ba ta ɗaga murya ba.

"Sarkin Maƙera. Ashe ka sani."

Bai ɗago ba.

"Na sani."

Daga ran nan ba wanda ya sake kawo garma maƙerarmu. Ana kai wa har Tsafe a gyara. Masu ta'aziyya suna gaishe da Inna su wuce shi a zaure. Gwaggo Ige da ta zo daga Gusau ta ga yadda ake kallon yayanta, ita ce ta fara cewa ai yaron ne bai ji maganar uba ba, an hana shi ya ƙi, bakin iyaye kuwa ba ya faɗuwa ƙasa. Don ta kare mai rai ta ɗora wa matacce. Maganar ta fi gaskiya sauƙin ɗauka, sai ta bi motoci har Bungudu, inda Asabe ta koma gidan iyayenta da ku. Ni kuwa ba wanda ya ce min komai. Mata sun daina kirana mai maye, shi ke nan. Na so a zage ni, ba a zage ni ba.

Washegarin sadakar arba'in, bayan an karya kumallo, Baba ya tsaya ƙofar ɗakinmu. Tun ranar ba mu haɗa ido ba.

"Luba, ɗauko takardarki da abin rubutu."

Muka hau dutse. Bai sa ni dafa uwar maƙera ba, bai sa ni rantsuwa ba. Ya bi da ni baki bakwai, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda kowane rami ya bi ta ƙasa, ina rubutawa. A na ƙarshe ya zauna kan dutse, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ce, da muryar da ban so ta fito haka ba,

"Kalma ɗaya ce, Baba. Rami. Mi ya hana ka ce rami?"

Ya ce zamanin yaƙe-yaƙe, in mahara sun taso, cikin ramukan nan ake zuba mata da yara a mayar da duwatsu, maza su tsaya a waje. Garin bai taɓa rasa yaro ko ɗaya ba. Amma mafaka tana amfani ne in ba a san ta ba, mutum ɗaya mai sakin baki ya isa ya sayar da gari duka. Shi ya sa aka mayar da sanin ga mutum ɗaya, aka ɗaure da rantsuwa. Ya ce da 'yan bindiga suka fara kewaye ƙauyuka, kuma kowa ya san suna da masu kai musu labari a cikin gari, sai ya ga zamanin ya dawo.

"Cewa niy yi wata rana in ɓoye ku ciki, ke da uwarki da jikokina." Ya dubi kwarin da ya rufta. "Kuma ina son shi zamna kusa da ni. Wanga shi na gaskiya. Na iya hwaɗa mai shi kaɗai, ban yi ba."

Na ce ni na nuna wurin. Ya ce ya sani. Bai ce min "ba komai" ba, ni ma ban ce masa "ba komai" ba. Muka sauko.

Ba mu taɓa ɓuya a ramukan ba. Da rani ya zo 'yan bindiga suka aiko wa garin da saƙo mu tashi, muka kwashe a rana ɗaya, kowa da abin da kansa zai ɗauka. Baba ya bar uwar maƙera a inda take tun kakan kakansa, ya ɗauko masaba kaɗai. A ɗakin haya a Gusau ya yi shekara biyu yana kallon bango, bai sake hura wuta ba, ya rasu. Ranar da nake kwashe kayansa na ci karo da tsohon littafina na labarin ƙasa. Na buɗe shafin da na rubuta darasin mayen ƙarfe. A layi na gaba, da rubutun hannuna, an ce akwai jar tama mai ƙarfe sosai wadda maye ba ya kamawa. Malam ya faɗa, na rubuta, ban riƙe ba, tafin aji kawai na riƙe. Jar da Baba ya ba Alhaji ƙarfe ce ta gaske. Na tsaya gaban mutane na ƙaryata shi da rabin darasi.

Yanzu na ji an koma haƙa a Dutsen Tama, baƙi ne daga wasu garuruwa, ba su san mu ba balle dokarmu. Na je filin tara duwatsu na hanyar Bungudu da takardata, mai gadi ya ce Alhaji ba ya nan, na bar masa, ban san ko ya kunna wuta da ita ba. Na kwafa da hannu na ba direbobin Tsafe. Ga taku, ku haddace.

Ku tsaya gindin kuka ku fuskanci faɗuwar rana. Baki na farko yana gindin baure a gangare, shi ne a buɗe. Na biyu da na uku suna bayan tulin kashin maƙera, dutse ɗaya ya rufe su. Na huɗu yana ƙarƙashin kanya. Na biyar yana cikin kwazazzabon da ruwa ke bi, na shida inda tsamiya biyu suka haɗa kai, na bakwai can ƙarshen dutse wajen hanyar shanu. Duk abin da ke tsakaninsu fanko ne. Ba aljani, ba dukiya. In mutum zai haƙa, ya haƙa gabas, jar ma ƙarfe ce.

Basiru, masabar tana ƙarƙashin gadona, taka ce in kana so, in ba ka so ba wanda zai riƙe maka komai a kanta. Maryama, ke ma wani gida za ki, ki tafi da wannan can, haka nake so. Wanda ya tambaye ku, ku gaya masa. Wanda bai tambaya ba, ku tare shi a hanya ku gaya masa yana tsaye.